Ƙarin da Aka Gani a Cikin Zuera

Nima, Akra
14 ga Mayu, 2019

Salamu alaikum Kaltume, yar mace, baiwata ta Katsina.

Ni ne Muftahu ubangidanki, jikan Malam Zakaria mai goro, yayan kakarki. In kin manta dani ki tuna wanda yafi kowa kyau a bikin autarku, mai farar hula, to ni ne. Ya azumi, ya yara, ya gwiwa? Mutawakilu direban bas da zai kawo maki takardan nan yace ya ganki da sanda. Haba, tun yanzu? Ni shekara hamsin da bakwai amma har yau ni kadai nake daga buhun masara in juye a inji. Duk Nima da Mamobi babu mai nika irina, ki tambayi kowa. Kunne ne kawai injin ya cinye mun, shi yasa bana son waya. Mutum na ta magana ni ina ta cewa to, to, bansan me na yarda dashi ba.

Kiyi hakuri da rubutun. Aji uku na tsaya, malamin ne yaga zan fishi ya kore ni.

Abinda yasa na rubuto, matata Zuera ne bashi da lafiya. Ciki. Yau wata biyar. In yaci loma uku sai yace ya koshi, nan saman cibiya na cinshi kamar an zuba barkono. Wani lokaci amai. Azumin bana ko daya bai samu ba. Munsha na kemis, munsha na Buzaye masu yawo da jaka, munsha rubutu, wata makociya ta kawo saiwa daga Tamale mai daci paa. Babu canji koraa, ko kadan. Waachen da yake sayarwa bakin titi, shinkafa da wake kenan a Hausarku, shi ma ya daina, kanshin mai na tayar masa da zuciya. Na gaji Kaltume, amma bana nuna masa. In na shigo gida sai in fara shirmena har sai yayi dariya.

To yanzu a babban asibiti akwai wasu dokta suna abinda suke kira risach, wai bincike kan masu ciwon ciki irin wannan. Sunzo masallacinmu sunyi bayani bayan Juma'a. Wai zasu zura roba mai kamara ta baki har cikin mutum su leka, su dan tsinko nama kadan su duba, kyauta. Sun bamu fom shafi hudu da Turanci. Na karanta duka, ban gane ko daya ba. Mutane na cewa gwaji zasuyi damu kamar beraye. Zuera na tsoro. Ni bana tsoron komai kin sani, amma roba a makogwaro ai ba wasa bane.

Ke kinyi shekara talatin kina nas. Gaya mun gaskiya, muje ko kar muje? Ga shito kwalba daya na sa maki, yajinmu na nan, kar ki ba kowa, ku Katsinawa baku iya yaji ba.

Ubangidanki har abada,
Muftahu mai nika


Katsina
2 ga Yuni, 2019

Wa alaikumus salam Muftahu,

Takardarka ta iso, har da yajin. Muna lafiya, sai gwiwar da ka ji labari, in na zauna tashi ya zama aiki. Yara duk sun watse, ni da rediyo muke gidan. Mai farar hula kuwa na tuna shi sarai, shi ne ya taka tiren tuwo a gaban baƙi. Kuma wane irin ubangida ne ke aiko wa baiwarsa kwalba ɗaya tal?

Sai da na karanta sau biyu kafin na tabbata Zuera mace ce. Ka bi ka mai da baiwar Allah namiji tun daga farkon takarda har ƙarshe. Ka gaishe ta, ka ce ina yi mata sannu.

Ku je. Kada ka tsaya jin maganar ƙofar masallaci. Wata biyar mutum bai iya cin loma huɗu ba abin jira ba ne, balle ga mai shekarunta. Robar nan na sha riƙe wa mutane hannu ana sa musu. Ana fesa magani a maƙogwaro, minti goma an gama. Babu daɗi, amma ba ta kisa. Naman da za su tsinko bai kai ƙwayar shinkafa ba. Masu bincike kuwa ba su da ikon yi mata abin da ba ta yarda ba, kuma duk ranar da ta ga dama tana iya fita. Ka nemi wanda zai karanta muku takardar da Hausa, layi bayan layi, kafin ta sa hannu. Ita za ta sa, ba kai ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ranar da za su faɗi abin da suka gani, ka rufe bakinka ka buɗe kunnen da ya rage. Abin da ba ka ji ba ka ce a maimaita. Sannan ka rubuto mini kalmar da likita ya faɗa, yadda ya faɗe ta.

A sha ruwa lafiya, Allah ya nuna mana sallah.

Ƙaltume


Nima
24 ga Yuli, 2019

Salamu alaikum Kaltume. Ki samu kujera kafin ki karanta, kar gwiwa ta kada ki.

Da fatan kina lafiya da duk mutanen gida. Mu lafiya lau, lafiyar ma har tayi mana yawa. Kinga na gyara, yanzu Zuera ta ce, ba ya ce ba. Hausar Katsina kwana biyu ta daukeni.

Munje kamar yadda kikace. Layi da tsawo, sai shekaranjiya suka kiramu. Allah ya taimake mu akwai wata yar Sakkwato cikinsu, Dokta Hidaya, tazo karo karatu nan. Hausarta nauyi kamar buhun gero, rabi nake kamawa. Ita ta karanta mana fom. Tace suna neman wata kwayar cuta mai zama a cikin mutum, suna so su san mutum nawa ke da ita a zango da wane magani ke kasheta. Ta tambayi Zuera abubuwa da yawa, har tace mai juna biyu bata shiga binciken nan don maganin na iya taba jariri. Mukayi dariya. Shekara sha tara da aure ko batan wata bamu taba gani ba.

Aka sa roba. Zuera tayi jarumta. Ni ma nayi jarumta daga waje, sau daya kawai na zauna kasa don in sha iska. Da aka gama dokta ta kiramu daki, fuska a daure irin ta masu ilimi. Kince in rubuto kalmar yadda ta fada, to gata. Tace, "Mun ga kari a cikinta." Nace ta maimaita kamar yadda kika koya mun. Tace kari, kuma ya dan girma.

Kaltume, kari. Mu biyu ne a gida, anga kari, mun zama uku kenan. Ko ba haka kuke fada ba ku masu Hausa mai kunya, in gida ya karu? Ga amai, ga kin abinci, ga kanshin mai, duk alamun na gabana ban gani ba. Ni da ke gane masarar bara daga ta bana da ido rufe.

Dokta na ta magana, wai mu dawo bayan sati biyu jin labarin naman, wai hoto, wai magani. Ni kunnena ya riga ya tafi. Nayi mata godiya har kasa na fita baranda ina gaya wa duk wanda na gani. Zuera tayi shiru, kunya ce, kin san mata. A tashar trotro, kananan bas dinmu na haya, nayi rawa har wayata ta subuce ta fada babban gota, kwatar ruwan Nima, yanzu tana teku. Taje, na yafe.

Komawa kam babu. Da bakinta tace maganinsu na taba jariri. Na gaya wa Zuera mun fita daga risach, ke ma kince muna da iko. Roba ta shiga sau daya ta tsorata mun yaro, ya isa haka.

Duk layinmu sunji. Masu cewa inji ne kawai ke aiki a gidana yanzu in sun ganni sai su duba kasa. In mace ce sunanki zan sa, kyautar ubangida ce, ba sai kin gode ba.

Muftahu, baban wani


Katsina
17 ga Agusta, 2019

Muftahu,

Salam. Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba. Mutawakilu ya tsaya yin babbar sallah, sai jiya takardarka ta zo. Na kira lambarka sau goma sha ɗaya kafin na tuna ka ce wayar ta bi ruwa. Ba ni da lambar kowa a Nima. Jibi zai juyo, na rubuta da gaggawa a bayan ambulan.

Ka karanta wannan kai kaɗai tukuna, a hankali.

Ƙari a bakin likita ba ciki ba ne. Ƙari tsiro ne, nama da ke fitowa inda bai kamata ba. Da juna biyu ta gani, juna biyu za ta ce, ai ka ji kalmar a bakinta lokacin da take karanta muku takarda. Kuma robar da ake zurawa ta baki tumbi take zuwa, inda abinci ke sauka. Mahaifa daban take, babu ƙofa tsakaninsu. Ko 'yan biyu ne a kwance kyamarar nan ba za ta gan su ba.

Na san abin da nake ɗauke maka. Na zauna da takardarka a cinya tun la'asar har magariba ina neman wata hanyar faɗa, ban samu ba. Da laifina a ciki. Ni na ce ka rubuto kalma, ban ce ka tambayi ma'anarta ba. Ni kuma na gaya maka kuna iya fita.

Ba kowane ƙari ne mugu ba. Akwai wanda ake cirewa a manta da shi, akwai wanda ke bazuwa in an bar shi. Naman da suka tsinka shi zai faɗa, kuma amsar tana can a ajiye tana jiranku tun farkon watan nan.

Ranar da wannan ta same ka, ka kashe inji ka ɗauki Zuera ku koma wurin Dakta Hidaya. Kada ka jira Litinin. Kada ka jira sai ka gama jin kunyar mutanen layi, su babu abin da za su rasa. Ka ce wa likitar ba ka gane ba, ba kai ne na farko ba. Ka kuma tambayi Zuera a tsanake abin da ita ta ji a ɗakin nan. Shirun da ka ce kunya ce bai kwanta mini ba.

Ina yi muku addu'a a kowace sallah.

Ƙaltume


Nima
9 ga Satumba, 2019

Salamu alaikum baiwa mai girman kai.

Na aiko da labari mafi girma tun zuwan Malam Zakaria kasar nan, ko barka babu. Munji an rufe bodar Najeriya, ance motar Mutawakilu na can Seme har tayi saiwa, to nayi maki uzuri rabi. Wannan Alhaji Razak na layinmu zai kawo, ta jirgi zai bi Kano.

Ya jiki, ya gwiwa? Ni lafiya, sai bayana da ya fara magana. Yanzu ni ke nika, ni ke dafawa, ni ke wanki. Tuwona yafi na duk matan Mamobi, sunzo koyo nace babu fili.

Zuera dai yaron nan na wahalar da ita. Irin ubansa ne, ci gareshi, duk abinda ta samu shi ke kwashewa. Awarwaronta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Naman layya ko tsoka daya bata taba ba, tace warinsa. Koko ma rabin kofi. Jiya tayi amai baki kirin, wata tsohuwa tace haka cikin maza keyi. Cikin dai bai fito ba tukuna. Nace muje awo wurin ungozoma tace ba yanzu ba, kullum ba yanzu ba. Wata mata daga risach tazo layinmu sau biyu tana tambayar gidanmu, nasa makota sukace mun tafi Kumasi.

Ke da kika ga masu ciki dari dari, haka ake ramewa? Ba tsoro nake ba. Tambaya ce kawai. Da in nayi shirme tana dariya har da hawaye, yanzu murmushi kawai take tana kallona, kamar ita ce ke lallashina.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Muftahu


Nima
3 ga Oktoba, 2019

Salamu alaikum Kaltume,

Da fatan kina lafiya. Ya gwiwa.

Takardarki tazo ran ashirin ga Satumba, wata guda cur a aljihun Mutawakilu. Ya bar motar can ya tsallako da kafa. Ya miko mun ina cikin nika, na karanta a tsaye, sau uku. Na kashe inji da garin mutane a ciki.

Ban tafi gida kai tsaye ba, karya ne ince na tafi. Na zaga har Kotobabi na dawo. Da na shiga tana kwance kan tabarma bakin kofa. Na zauna nace, Zuera, me dokta tace ranar nan? Ta dubeni tace, "Kaltume ta gaya maka ko?" Nace ke kin sani? Tace, "Muftahu, al'adata ta dauke yau shekara biyu. Wane ciki?" Ashe dokta tayi mata bayani tas, har da yaren Twi na nan, lokacin da nake baranda ina shela. Nace to me yasa kika barni ina hauka a gari? Tace, "Naga kana murna. Nace bari kayi sati daya. Sati ya wuce na kasa. Kuma wuka nake tsoro, haukarka ta bani wurin buya."

Ran Litinin muka koma, don ranar Juma'a ce da yamma kuma basu zama karshen sati. Dokta Hidaya batayi fada ba, da tayi ma da yafi mun sauki. Tace sun kira, sun aika, har sun sa sunan Zuera cikin wadanda suka bata. Nace ni ne na boyeta, kuma ban san kari ba. Ta dauko takarda ta zana tumbi, ta zana abin a ciki, ta matso gefen kunnena mai dama dama. Mugun ne Kaltume. Tace daji. Nace daji kamar na itatuwa? Ban kara yarda da kowace kalma ba. Tace a'a, kansa.

Anyi hoto, an kara mata jini leda biyu. Bai kai hanta ba, alhamdulillahi. Amma ya wuce yadda yake a Yuli. Na tambaya, da mun dawo kan lokaci fa? Tace da rabin tumbi zasu cire, yanzu kila kusan duka, sai sun bude zasu sani. Ni na tambaya, banga laifinta ba. Kuma ke ma kar ki kara cewa da laifinki. Wata biyun nan ni na cinye su.

Mutanen layi da bakina na gaya masu bayan sallar la'asar. Ba wanda yayi dariya. Kazeem mai walda da yafi kowa tsokanata shi ya fara zuwa bada jini. Dokta kuma tace daga yau duk wanda sukayi wa bayani a risach, sai shi da mai rakiyarsa sun maimaita da bakinsu abinda suka gane kafin su fita daki. To ko a nan na koya wa masu ilimi aiki, ki rubuta ki ajiye.

Ran Talata za'ayi aikin. Ita ta sa hannu. Da muka fito tace sharadi daya gareta, in an fito da ita kar in bata dariya sai dinki ya warke, don ta sanni, zan farke mata ciki. Nace na yarda.

Ki gaya mun dinki irin wannan kwana nawa yake dauka. Ki fadi gaskiya kar ki rage, in san iyakar shirun da zanyi.

Muftahu